Rahoton ayyukan shekara ga mambobi: tsare shuka da itatuwa daga ƙwari da cututtuka

Assalamu alaikum. Iyayenmu da 'yan uwa maza da mata, ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi a madadinku tun daga taron bara. Kun dai tuna ƙudurin da aka watse a kansa: mu rage dogaro da feshi, mu jawo mutanen gari cikin aikin, domin ƙwaro bai san iyakar gona ba.

Tumatir da sharon

Nan ne mafi yawan ƙarfinmu ya tafi, kuma ba sai an gaya wa kowa dalili ba. Duk wanda ya yi noman rani a 2016 ya san abin da tsutsar tumatir ɗin nan da ake kira sharon ta yi a Kadawa da Kura da sauran wurare, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A 2023 ta sake dawowa da ƙarfi. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ta shiga Sifaniya a 2006, daga nan ta yi ta bin kaya har ta iso mu.

Kafin dashe mun zaga wuraren renon iri tare da malamin gona. Abin da aka koyar bai da wuya: ka ɗaga ganye ka haska shi da rana. In ka ga wani farin fili a tsakiyarsa, fatar sama da ta ƙasa suna nan amma naman ciki babu, ga ɗan baƙin kashi a gefe, to tana ciki. Shi ya sa feshi ke yawan tashi a banza, maganin yana kan ganye ita tana ƙarƙashin fata. An roƙi kowa kada ya sayi irin da bai duba ba, ko da na ɗan uwansa ne. An kuma raba tarkunan ƙamshin da ke jawo namijin malam-buɗe-littafin da tsutsar ke rikiɗa ta zama, a ɗora a kan roba da ruwa da ɗan sabulu. Tarkon ba ya ƙarar da ita, amma yana gaya maka ranar da ta iso.

Aikin da ya fi wahalar karɓuwa shi ne share gona bayan an gama tsinka. Mutum ya sayar da kayansa, ya gaji, sai ya bar karan tumatir a tsaye har zafin bazara, a nan kuwa take hayayyafa ta faɗa wa maƙwabcin da ya yi dashen baya. A fadamun da masu unguwanni suka sa baki aka tuge aka ƙone tare, masu dashen baya sun tsinki kaya. Inda aka bar wa kowa son ransa, kuka muka ji. Kwandunan da ke dawowa daga kasuwa ma muna roƙo a riƙa kakkaɓe su a shanya nesa da lambu.

Masara

Tsutsar masara, wadda aka fara gani a Afirka a farkon 2016, yanzu ta zama 'yar gida. Matasanmu sun riƙa shiga gonaki da sassafe a makonnin farko bayan tsiro suna leƙa cikin kan masara, inda kashinta ke taruwa kamar dusa. Masu ƙananan gonaki sun murƙushe ƙwan da hannu, sun zuba toka ko rairayi a kan shukar, wasu sun yi amfani da jiƙon 'ya'yan darbejiya. Ga babbar gona wannan ba ya wadatarwa, amma ko can dubawar ce ke nuna lokacin da feshi zai yi amfani, wato tun tsutsar tana ƙarama.

Itatuwan gida da na gona

Wannan ɓangaren mata da ɗalibai ne suka riƙe shi, kuma sun ba maza kunya. Mangwaron da ya faɗo ya ruɓe a gindin bishiya, daga cikinsa tsutsar ƙudan 'ya'yan itace ke fita ta shiga ƙasa, ta dawo ƙuda ta soki na sama. Yara suka riƙa tsince shi ana ɗaurewa a baƙar leda a ajiye a rana, ko a binne da zurfi. A ranar 12 ga Mayu, ranar lafiyar tsirrai ta duniya, mun kai wannan darasi makarantun firamare na yankinmu.

Sai kauci. Da yawa cikinmu ba ma ɗaukarsa cuta, tunda ana magani da shi, amma ruwa da abincin bishiyar yake sha, tsuntsaye kuma suna ɗaukar 'ya'yansa masu danƙo daga reshe zuwa reshe. An yi gayya an sare shi daga kan lemo da ɗorawa da kaɗanya. A lura, fizge shi kawai ba ya yi, sai an yanke reshen ƙasa da kumburin da ya kama, in ba haka ba zai sake tohowa.

Inda muka gaza

Maganar haɗa magunguna tana nan yadda take. Har yau ana zuwa shago a ce a haɗo mai ƙarfi, mai shago ya zuba kala biyu ko uku a gora ɗaya ba takarda ba ma'auni. Da haka tsutsa ke sabawa da magani, ƙudan zuma da ƙwarin da ke cin ƙwaro su mutu. Mun ga yara suna feshi ba takalmi, mun ga gorar magani an mai da ita ta ruwan sha. Mu tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin waken da muke dafa wa iyalanmu. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana adana wake ba tare da magani ba, in dai waken ya bushe sarai kuma an ɗaure bakin kowace leda daban. Ƙungiya ta sayo a sari ta sayar wa mambobi a kan kuɗin da ta sayo, sai dai ba kowa ne ya samu ba.

Cire wuta-wuta kafin ta yi fure ma bai samu hannu ba, saboda ya haɗu da lokacin da kowa ke fama da gonarsa. Alhali gindi ɗaya yana zubar da dubban iri da kan yi shekaru a ƙasa suna jira.

Kuɗi da abin da ke gaba

Ma'aji zai karanta shiga da fita dalla-dalla a zauren taro, littafin kuma yana buɗe ga duk mamban da ke son dubawa. Yawancin abin da aka kashe ya tafi ne a tarkuna da buhuna da man mashin na zagaye. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a biya kafin lokacin zuba iri.

Kwamiti na kawo shawarwari biyu gabanku. Na farko, kowace fadama ta tsayar da ranar share gona guda, mai unguwa ya sanar a masallaci da kasuwa. Na biyu, duk wanda ya ga baƙon ƙwaro ko wata cutar da bai sani ba, ya ɗauki hoto ya tura zauren WhatsApp na ƙungiya a ranar, mu miƙa wa malamin gona, in ta kama a kai samfuri Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. Za a kaɗa ƙuri'a a kansu bayan sallar la'asar.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa