Sun Sauke Maigidana Daga Hedimasta Saboda Benci

Assalamu alaikum Hajiya. Don Allah a sakaya sunana. Kwana tara ke nan barci ya ƙaurace mini.

Maigidana hedimastan firamare ne, ko in ce da. Ya kama aiki a 1992 da takardar shaidar malanta ta Grade II, ya yi NCE daga baya, shekara 14 yana riƙe da makaranta. Duk wanda ya san aikin ya san ba koyarwa kaɗai ba ce: rajistar shiga, rajistar kiran suna, littafin sa hannun malamai, littafin kayan makaranta, duk a wuyansa suke. Kujera ɗaya ta ɓace, shi za a tambaya.

To, ɗan kwangila ya kawo benci 74, masu cin yara uku-uku, amma takardar karɓar kaya ta ce 120. Ƙa'ida ita ce a ƙirga a gaban shugaban SBMC, wato kwamitin jama'ar gari mai sa ido kan makaranta, a shigar a littafi, sannan hedimasta ya sa hannu. Ɗan kwangilar nan, wanda ko sallama bai iya ba, ya ce a sa hannu, sauran na tafe. Malam ya rubuta 74. Bayan sati uku sai ga takardar tuhuma daga ofishin ilimi wai kan makara, mutumin da shi ke buɗe makaranta! Daga nan aka tura shi ƙauye a matsayin malamin aji. Na manta ban faɗa ba, ɗan kwangilar surukin wani babba ne a can.

Gaskiya ni na ce wa Malam kada ya sa hannu kan 120. Amma in da masu binciken kaya sun zo, wa zai biya 46 ɗin? Yayarsa na yawo da ni wai na kashe masa aiki, ita da ba ta taɓa kawo mana ko mudun gero ba.

Abokansa sun ce ya kai kuka SUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiha, da kwafin takardun. Wasu sun ce ya yi shiru, 2027 zai cika shekara 35 na aiki ya yi ritaya, kada a riƙe masa fayil ɗin fansho da garatuti. Dokar 2022 ta kai wa'adin malamai shekara 40 na aiki, amma ba kowace jiha ta fara bin ta ba.

Shi dai bai ce mini komai ba. Yana cin tuwo ya tashi, babur tun asuba. Hajiya, in ba shi haƙuri ne, alhali ban yi laifi ba? Ko in fara tunkarar yayar tasa?