Ɗana, Ga Dalilin da Ya Sa Na Ƙi Zama da Shi

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da mai jego da jaririya.

A taron iyaye da aka yi a makarantar unguwarmu ranar Asabar, ka miƙe a gaban jama'a ka ce: "Hajiya, mutumin nan da ke hana mutane riga-kafi a Facebook da TikTok ya gayyace ki muƙabala har sau uku, kin ƙi. Tsoronsa kike ji, ko kuwa akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa?" Lokacin magariba ta kawo jiki, sai na ce zan ba ka amsa a rubuce. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a nan zan amsa. Kuma ka kwantar da hankalinka, ban ji haushi ba.

Sunansa ba zai fito daga bakina ba. Ka san shi, na san shi, shi kuwa babu abin da yake so a duniya kamar a ambace shi, ko da zagi ne. "Dakta" ɗin da yake maƙala wa sunansa shi ya raɗa wa kansa. An sha tambayarsa inda ya yi karatun likitanci, kullum amsar ɗaya ce: wai masu tambayar 'yan hassada ne.

Bari in fara da abin da yake fakewa da shi, domin a nan yake kama zukatan mutane. A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Kano. Kamfanin Pfizer ya zo ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara, cikin wani gwaji da ya haɗa yara wajen 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Aka yi ta shari'a har 2009, sannan aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan ya faru, ba ƙage ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa duk shekarun da na yi ina shiga gida-gida da akwatin sanyi a kafaɗa, ban taɓa raina uwar da ta ɓoye ɗanta a bayan ƙyaure ba. Nakan nemi tabarma in zauna, mu yi hira, wani lokaci sai a zuwa na uku take miƙo yaron.

To wannan tabon ne mutuminku ya mai da jari. Uwar da ke tsoro, ɗanta take karewa. Shi kuwa me yake karewa? A ƙarshen kowane bidiyo akwai lambar waya da kwalbar wani haɗi da yake cewa yana "wanke gubar allura". Kai da kanka ka duba ka gani.

Amma ko cinikin bai dame ni kamar girman kan ba. Na saurari bidiyonsa da yawa, har jikata tana yi mini dariya, kuma ban taɓa jin ya ce "ban sani ba". Ciwon suga ya sani, aljanu ya sani, siyasar Amurka ya sani, abin da ke cikin kwalbar da bai taɓa riƙewa ba ma ya sani. Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi, an ruwaito cewa an yi masa tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da "ban sani ba". Malamin Madina ke nan. Shi kuwa namu, wata rana wata ungozoma da ta girmi mahaifiyarsa ta gyara masa magana cikin ladabi, ta ce allurar BCG ta tarin fuka ce, ba ta shan inna ba. Sai ya sa hotonta a shafinsa, ya kira ta 'yar koren Yahudawa, mabiyansa suka yi mata rubdugu kwana biyu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fassara girman kai da ƙin gaskiya da wulaƙanta mutane. A rana ɗaya mutumin nan ya haɗa biyun. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Kai yaro ne a 2003, don haka ba ka ga abin da muka gani ba. A shekarar aka baza cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa, Kano ta dakatar da riga-kafin, ba a dawo ba sai a watan Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya. Kafin a farga cutar ta tsallake iyaka, ta koma ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da ita kanta Indonesiyar. A 2006 kaɗai yara fiye da 1,100 ta shanye wa ƙafa a Nijeriya. Waɗannan yaran yanzu samari ne da 'yan mata. Kana ganinsu a kan kekunan guragu a bakin danja, kana miƙa musu sadaka, ba ka san cewa ɗigo biyu ne ya raba ka da su ba.

Maganar hana haihuwa kuwa, dariya take ba ni, in ba don abin kuka ba ne. 'Yan matan da na ɗiga wa da hannuna a 2004, yau su ne ke tare ni a gidan suna, wata da goyo, wata da goyo da ciki. Fiye da shekara ashirin ke nan. Ina rashin haihuwar? Ramin ƙarya ƙurarre ne, sai dai shi bai taɓa komawa kan abin da ya faɗa jiya ba, sabo yake ƙirƙirowa.

Akwai kuma ranar 8 ga Fabrairun 2013. 'Yan bindiga suka shiga wurare biyu na riga-kafi a cikin Kano suka kashe ma'aikata tara. Mata ne irina, masu neman ɗan abin sa wa a tukunya. Ban ce mutuminku yana da hannu ba, lokacin ma babu wanda ya san shi. Abin da nake so ka gane, kalmar "'yan koren Yahudawa" ba wasa ba ce a garin nan. Mun san inda take kai mutum. Duk wanda ya jefa ta kan ma'aikaciyar lafiya don ya ƙara mabiya, ko dai bai san tarihin garinsu ba, ko ya sani bai damu ba.

Da wuya aka kai inda ake. Marigayi Sarki Ado Bayero da kansa ya riƙa ɗiga wa yara a gaban jama'a, Sarkin Musulmi ya haɗa kan sarakunan Arewa, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga lungu-lungu. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a jihar Kano, a Sumaila ne, cikin Yulin 2014. Borno ta ga nata a 2016. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ita.

Na san tambayar da yake yawan yi, kuma tambaya ce mai kyau, da a ce amsa yake nema: in an gama da cutar, me ya sa har yanzu ake ɗigon? Dalili biyu ne. Asalin ƙwayar tana nan a Pakistan da Afganistan, kuma mun ga yadda take tafiya a 2004. Na biyu, ɗigon yana ɗauke da ƙwayar da aka raunana. A unguwar da kusan kowane yaro ya karɓa, nan take mutuwa. A unguwar da yara da yawa ba su karɓa ba, tana iya yawo daga ciki zuwa ciki ta bayan gida har ta sake yin ƙarfi ta nakasa wani. Ka ga ke nan, duk gidan da ya hana, shi yake tsawaita aikin da yake ƙorafi a kai. An rubuta masa wannan bayani a ƙarƙashin bidiyonsa, ya goge.

Ga mashaƙo kuma. A 2023 Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu ita, akasarinsu yaran da ba a kammala musu allurar jarirai ba. Cuta ce da ke toshe maƙogwaron yaro yana kallonka, kuma riga-kafinta kyauta ne a asibitin sha-ka-tafi. Ana cikin haka yake ce wa iyaye iskar hunturu ce, a nemi kwalbarsa.

Yanzu ka gane me ya sa ba zan hau dandamali da shi ba? Muƙabala tana da amfani tsakanin mutum biyu da kowannensu zai iya cewa "ka fi ni gaskiya". Shi kujera yake nema kusa da farar riga, don a ɗauki hoto. Zan yi bayanin minti goma, ya yanko daƙiƙa ashirin inda na tsaya shan ruwa, ya rubuta "An ƙure ta". Washegari wata uwa a Rimin Gado ko Gezawa ta gani ta fasa kai ɗanta. Wannan alhakin ba zan ɗauka ba.

Amma ka isar masa da saƙo, tunda na ji kuna gaisawa. In da gaske yake, ya ajiye waya a gida, ya zo in raka shi wurin masu ƙera kekunan guragu, waɗanda su ma shan inna ce ta kwantar da su. Ya zauna a ƙasa inda suke zaune, ya maimaita musu abin da yake faɗa a bidiyo. In ya iya, ni kuma zan zauna da shi duk inda ya zaɓa.

Kai kuma, in lissafina daidai ne, jaririyarka ta cika sati shida a makon nan. Lokacin allurar penta ta farko ke nan, wadda ke da riga-kafin mashaƙo a ciki, sai ta sati goma da ta sati goma sha huɗu. Ka ce wa mai jego ta nemo katin, ranar Talata da safe zan biyo mu tafi tare.

Wassalam,
Mamarku, tsohuwar ma'aikaciyar lafiya a Kano