Wasiƙar godiya ga ofishin mazaɓa na ɗan majalisar jiharmu

Zuwa ga mai girma ɗan Majalisar Dokokin Jiha mai wakiltar mazaɓarmu, da ma'aikatan ofishinsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto wannan takarda ne a bainar jama'a domin mu gode wa ofishinka. Da gangan muka ƙi ambaton sunanka, don kada a ce kamfe muke yi maka. Duk ɗan wannan yanki ya san wanda muke nufi.

Kafin zuwanka, abin da ake kira ofishin mazaɓa a nan shago ne da aka shafa wa fentin jam'iyya, aka liƙa hoto, aka garƙame da kwaɗo. Ba ya buɗewa sai zaɓe ya ƙarato. Mai koke sai dai ya yi sammako ya tare a ƙofar gidan wakili, ya wuni a kan tabarma cikin 'yan maula da 'yan jagaliya, da la'asar a fito a ce masa mai gida ya tafi zama. Wani yaro ya karɓi takardar da dattawan unguwa suka kwana suna tsarawa, ya ninke ta ya tura aljihu, ƙarshenta ke nan. Wanda ya taki sa'a a miƙa masa kuɗin mota, ya koma gida da kunyar cewa an ɗauke shi maroƙi, alhali maganar rijiyar gari ce ta kawo shi. Shekaru aka yi a haka har mutane suka daina rubutawa. Shi ya sa da aka ce ofishinka na buɗe a ranakun aiki kuma akwai mai saurare, da yawa ba su yarda ba sai da suka je suka gani.

Kaso mafi tsoka na wannan godiya na malamin da ke zaune a teburin farko ne, mai riƙe da littafin koke. Yakan rubuta ranar da takarda ta shigo, ya ba ta lamba, ya sa sunan unguwa da hukumar da abin ya shafa, sannan ya buga hatimi a kwafi ɗaya ya mayar wa mai ita. Wannan kwafin shi ne hujjar talaka, domin babu mai iya cewa daga baya takardar ba ta iso ba. Wanda bai iya rubutu ba, malamin yakan zauna ya rubuta masa, ya karanta masa da Hausa, ya tambaye shi ko haka yake nufi kafin ya dangwala. Tsofaffi da mata masu goyo su yake fara sallama, kuma ba a taɓa jin ya tambayi wani jam'iyyar da ya zaɓa ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne ba ya yi wa kowa romon baka. Tambayarsa ta farko kullum ita ce, wannan abu na wa ne, na tarayya, na jiha ko na ƙaramar hukuma? Maganar 'yan sanda, soja, kwastan ko fasfo, yakan faɗa ƙarara cewa kundin tsarin mulki na 1999 ya keɓe wa tarayya su, majalisar jiha ba ta da ikon yin doka a kansu, sai ya nuna wa mutum hanyar ofishin ɗan majalisar wakilai ko sanata. Mai neman a ɗauki ɗansa aiki kuwa yakan gaya masa cewa ɗan majalisa ba ya ɗaukar ma'aikata, amma in an buɗe gurbi za a liƙa sanarwa a allon ofis. Wasu sukan fita ransu a ɓace. Mu dai a ganinmu gara wannan da a yi ta ce wa mutum dawo gobe har wa'adi ya ƙare.

Maganar rufin makarantar firamare ita ta nuna mana yadda aikin yake. Iskar farkon damina ta yaye rufin ajujuwa biyu, yara suka koma gindin bishiya. Jama'a sun so a tashi a zauren majalisa a yi magana, kuma ka tashi ka yi, majalisa ta amince da kiran a gaggauta gyara. Amma tun a ranar malamin ya fahimtar da dattawa cewa irin wannan matsaya kira ce kawai ga ɓangaren zartarwa, ba ta fitar da ko kwabo. Sashe na 120 na kundin tsarin mulki ya hana taɓa asusun jiha sai da izinin dokar kasafi, don haka in aiki bai shiga kasafi ba, duk jawabin da za a yi a zaure ba zai sayi falle ɗaya na kwano ba. Wakilai da yawa a nan suke tsayawa. A yi jawabi, a yanko shi a watsa a Facebook, a bar mutane suna jiran abin da ba ya tafe.

Ofishinka bai tsaya nan ba. An je an ɗauki hoto, an auna ginin, an nemi rahoton shugaban makaranta da na sakataren ilimi, aka haɗa aka kai wa hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, wato SUBEB, domin gine-ginen firamare a hannunta suke. Kuma an kai da wuri. Ma'aikatu kan tsara buƙatunsu na shekara mai zuwa ne tun watanni kafin gwamna ya kai kasafi majalisa a ƙarshen shekara, wanda ya zo bayan an rufe lissafi sai dai ya jira wata shekarar, ba a fafe gora ranar tafiya. Da aka zo kare kasafi gaban kwamiti, ka nace a rubuta sunan makarantar da na garin a layinsu. Wannan ƙaramin abu ne a ido amma shi ne kan gaba. Idan aka rubuta gyaran makarantu a faɗin jiha a dunƙule, kuɗin kan bi inda masu ƙarfi suke, babu kuma wanda za a kama da laifi. An kuma bayyana wa jama'a dalilin jinkirin da kan biyo baya, cewa a ƙarƙashin dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 hukumar UBEC ta tarayya ba ta sakin kasonta sai jiha ta ajiye nata daidai da shi, kuma ko abin da ke cikin kasafi ma sai an amince an saki kuɗin kafin ɗan kwangila ya karɓi kafin alƙalami.

Da aka fara aiki, ofishin ya nemo kwafin takardar lissafin kayan aikin ya ba kwamitin iyaye da ke kula da makarantar. Da ita aka gane cewa kwanon da aka fara saukewa ya fi wanda aka rubuta sirantaka. Duk kafintan kirki ya san abin da ke sa iska ta ɗauke rufi a ƙasarmu: katakon da rufin ke zaune a kai ba a ɗaure shi da ƙarfe a jikin gini ba, an ɗora shi ne kawai an soka ƙusa, an yi rowar ƙusa a bakin kwano inda iska ke fara kamawa, an yi aiki da ɗanyen katako ba a shafa masa maganin gara ba, tagogi kuma a ɓalle, iska ta shiga aji ta turo rufin daga ƙasa. Tsohon rufin duk ya haɗa waɗannan, sabon ma hanyar ya kama. Ka kawo kwamitin ilimi na majalisa ziyarar gani da ido, bisa ikon bincike da sashe na 128 ya ba ku, aka mayar da kwanon, aka fasa kan bango aka ɗaure katako. Damina ta zo ta wuce rufin na nan.

Sai batun yin doka, wanda shi ne ainihin aikin da aka zaɓe ka dominsa, kuma shi ne wanda talaka ba ya gani. Ƙudirin doka yakan sha karatu na farko, inda ake ambaton sunansa kawai. A karatu na biyu ake muhawara kan manufarsa, daga nan a miƙa wa kwamiti, kwamiti ya kira taron jin ra'ayin jama'a, a dawo zaure a bi shi sashe bayan sashe, a yi karatu na uku, a kai wa gwamna. Shi kuma sashe na 100 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, in ya ƙi majalisa na iya tabbatar da dokar da ƙuri'ar kashi biyu cikin uku. A duk wannan doguwar hanya ƙofa ɗaya ce ta talaka, ita ce jin ra'ayi. To amma ta yaya zai shiga, alhali sanarwar da Turanci take fitowa a jarida kwana kaɗan kafin taro, taron kuma a babban birnin jiha, ƙudirin ma babu mai kwafinsa sai 'yan ƙungiyoyin da suka saba?

Lokacin da ƙudirin kuɗaɗen kasuwa ya zo, ofishinka ya sa an fassara shi da Hausa, aka tara sarkin kasuwa, mahauta, 'yan koli, masu hatsi da mata masu ƙosai da fura, aka karanta musu sashe-sashe. Nan aka ga inda gizo ke saƙar. Masu tebur suka nuna cewa babu inda aka wajabta wa mai karɓar kuɗi ya ba da rasit mai lamba, wanda shi ne ke sa a karɓi kuɗi sau uku a wuni ɗaya. Mata kuma suka koka da sashen da ya halatta ƙwace kayan wanda bai biya ba, domin ƙosan da aka ƙwace da safe ba ya kai yamma. Aka rubuta duka, aka ɗauki wakilansu a mota zuwa taron kwamiti. Gyaran rasit ya shiga. Na ƙwace kaya bai samu rinjaye ba. Abin da muke yaba maka shi ne ka dawo da ƙafarka ka faɗi haka, ka ce wannan an samu, wannan an kayar da mu, ga dalilin da abokan aikinka suka bayar. Ba mu saba jin wakili ya ce an kayar da shi ba.

Wannan ne ma ke sa mu takaicin abin da ke faruwa a wasu wuraren. Majalisar jiha ba ta da yawa, kundin tsarin mulki ya ce kada ta gaza mutum 24 kada ta wuce 40, kuma su ne wakilan da suka fi kusa da jama'a cikin masu yi wa jiha doka. Sashe na 104 ya ce su zauna aƙalla kwana 181 a shekara, sashe na 109 kuma ya ce wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaman shekara ba tare da uzuri ba ya rasa kujerarsa. Yaushe rabon da a ji an yi aiki da wannan? Akwai wakilan da za su gama shekara huɗu ba a ji muryarsu a zaure ba, sai ranar rabon keken ɗinki da atamfa a gan su da makaɗa. Kasafin jiha guda a zartar da shi cikin 'yan kwanaki kamar ana gudun ruwa. Rahoton babban mai binciken kuɗi, wanda sashe na 125 ya ce a miƙa wa majalisa kwamitinta ya duba, ya yi ta shan ƙura. Sashe na 97 ya yarda majalisa ta yi zamanta da harshen mutanen jihar bayan Turanci in ta amince, amma dokokin da ake hukunta manomi da su ba ya samun su a harshen da yake ji. Kiranye kuwa sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu kafin INEC ta kira ƙuri'ar raba gardama, abin da ƙauyawa ba su da ƙarfin haɗawa, kuma wakilan sun san da haka.

Ranka ya daɗe, da sauran aiki. Garuruwan da ke ƙetaren rafi ba sa iya zuwa ofis da damina, muna roƙon a riƙa kai musu littafin koke ko da ranar kasuwarsu ce. Makarantar da aka yi wa sabon rufi har yau ba ta da makewayi na 'yan mata, takardar na cikin littafin da lambarta. Sashen ƙwace kaya kuma mata na jiran a sake ɗaukar maganarsa. A gaishe mana da malamin teburin farko da direban da ya kai wakilan kasuwa ya dawo da su cikin dare. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara lafiya.

Wassalam.

Daga wasu dattawa da matasan mazaɓarka.