Sanarwa ga ƴan ƙungiyar mafarauta

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Kaka ta wuce, an fara shiga daji, bindigogi sun sauko daga rataya.

Don Allah kada wanda ya jingine bindigar toka a ɗure a zaure ko bayan ƙofa. A juye ta kafin a shigo gida, albarushi kuma a kulle shi daban, nesa da murhu.

Ku zaunar da yaranku ku gaya musu: ba a nuna wa mutum bakin bindiga ko da wasa, ba a taɓa kunamar bindiga. In bindiga ta ƙi tashi, kada a leƙa bakinta. Albarushin da ya sha raɓa yakan yi jinkiri, sannan ya tashi. Wannan ya fi damuna, domin har manya suna yi.

Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ma ba ta ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi.