Ɗalibaina Sun Kama Kit Tyler da Laifin da Kotu Ba Ta Tuhume Ta da Shi Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ana yawan kuka cewa yaran yanzu ba sa karatu, in ma sun karanta ba sa tauna abin. Ni malamin adabi ne a wata makarantar sakandare, kuma ina da ja a kan wannan hukunci.

A zangon da ya wuce mun karanta The Witch of Blackbird Pond na Elizabeth George Speare, wanda ya fito a 1958, ya ci lambar yabo ta Newbery a 1959. Labarin Kit Tyler ne, 'yar shekara 16 da ta baro tsibirin Barbados a 1687 ta sauka gidan innarta a Wethersfield, cikin Konetikot, garin Turawan Ingila masu tsananin addini. Tun a hanya ta jawo wa kanta ido. 'Yartsanar wata yarinya ta faɗa ruwa, Kit ta yi tsalle ta ciro ta, alhali a wurin mutanen nan macen da ruwa ya ƙi ci mayya ce. Ga shi kuma ta ƙulla zumunci da Hannah Tupper, tsohuwar da aka ware a bakin kududdufi saboda bambancin aƙida. Da zazzaɓi ya shigo gari, ba sai an faɗa ba: aka zargi Hannah da maita, ita ma Kit aka gurfanar da ita gaban kotu.

Nan ban sha wahalar bayani ba. Yaran sun san yadda ake yi wa tsohuwa marar gata idan yaro ya kwanta ciwo. Tambayarsu ɗaya: da gaske an yi haka a Amurka? An yi. A 1647 aka rataye wata mata, Alse Young, bisa zargin maita a Hartford, cikin Konetikot ɗin, shekara 45 kafin sanannun shari'o'in maita na garin Salem, kuma sai a 2023 majalisar jihar ta wanke sunayen waɗanda aka hukunta.

Sai wata ɗaliba mai shiru-shiru ta buɗe shafin da Kit ke cewa ta sayar da baiwarta don ta biya kuɗin jirgi. Abin da ya dami Kit, in ji ɗalibar, rashin mai yi mata hidima ne, ba makomar yarinyar ba. Aji ya rabu biyu. Wasu suka ce haka zamaninta yake. Wasu suka ce ai Nat, ɗan mai jirgin, a zamanin yake, kuma yana ƙyamar dakon bayi. Ni dai hujjar ta biyu ta fi kama mini hankali. Wani kuma ya tambayi ina 'yan asalin ƙasar suka shiga, dole muka gangara yaƙin da Turawa suka yi da ƙabilar Pequot, da kisan kiyashin da aka yi musu a Mystic a 1637.

Ranka ya daɗe, ku ware wa ɗaliban sakandare ko rabin shafi ne duk wata su riƙa sharhin littafin da suka karanta, na Hausa ko na waje. Rubuce-rubucen ajina suna hannuna, a shirye nake in aiko.

Wassalam,
Wani malamin adabi, Zariya