Sukari ba ya tsaya ga ba da ƙarfi kawai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu. Da zarar an ambaci sukari a jiki, sai hankalin mutane ya tafi kan ƙarfi ko ciwon suga. Abin ya daɗe yana damuna, domin akwai wani aikinsa da ba a faɗa. Kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da sarƙoƙin sukari a fatarta kamar tambari, akwai kuma furotin da aikinsu shi ne gane tambarin su cafke shi. Lektin ake ce musu, sunan da William Boyd ya raɗa a 1954.

Ina ɗalibi aka miƙo min ƙwan kaza da bai cika kwana ɗaya a injin ƙyanƙyasa ba. Na fasa ɓawon a hankali, hannuna na rawa, sai ga ɗan farin faifai a saman gwaiduwa, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Babu ƙafa, babu fiffike, zuciya ma ba ta fara bugawa ba. Amma ƙwayoyin ciki ƙaura suke ta yi, suna nutsewa ta wani siririn layi a tsakiya, kowace ta nufi mazauninta. Tun ranar nake tambayar kaina: me ke sanar da ƙwaya wa za ta riƙe, wa za ta saki?

Sara Zalik da abokan aikinta a Jami'ar Alberta ta Kanada sun gano lektin masu kama sukarin galaktos tun a wannan mataki, har a gefen faifan, inda jakar gwaiduwa za ta fito. Gwajin yana burge ni har gobe: a tato ruwa daga faifan, a haɗa shi da jajayen ƙwayoyin jinin zomo, sai su dunƙule saboda lektin ya cafke sukarin da ke fatarsu, in an zuba laktos, sukarin madara, lektin ya shagala da shi, dunƙulewar ba ta yiwuwa.

A 2011 kuma, Stuart Newman da tawagarsa suka nuna cewa biyu daga cikin wannan dangi na lektin, masu suna CG-1A da CG-8, suna bayyana a tohon gaɓoɓin ɗan tsako daidai wuraren da guringuntsi zai taru, kafin a ga ko alamar ƙashi.

Don Allah, Malam Edita, ku ware wa wannan batu shafi guda, ku sa hoton faifan nan. Ɗalibaina sun fi saurin fahimta idan sun gani da idonsu.

Naka,
Malamin ilimin halittu