Ɗana, wannan ba gata ba ne

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kun isa Abuja lafiya, kai da iyalinka da abokina.

Tun da kuka bar Katsina bayan Sallah wani abu ke cin raina, mahaifiyarka ma ta ce kada in yi shiru. Ranar hawan Sarki da yamma muna zaune a tsakar gida, yarinyar da ke taya matarka aiki ta karɓe wayar hannun ɗanka don ya ci tuwo. Ya ɗauki koko ya jefe ta da shi, miyar kuka ta ɓata mata sabon ɗinkinta. Ta sunkuyar da kai. Kai kuwa ka yi dariya, ka miƙa masa taka wayar. Da na dube ka sai ka ce, "Baba, ai gata ne."

A shekarun da nake koyar da Turanci akwai kalmar da kan cinye mini darasi guda, wato "indulgence". Bature ya tara abubuwa da yawa a cikinta, Bahaushe kuwa ya raba, kowanne da sunansa. Idan kana bin mutum bashi ka ƙara masa lokaci, wannan sassauci ne, kuma aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Matafiyi ya mayar da raka'a huɗu biyu, ko ya sha azumi ya rama daga baya, wannan rangwame ne daga Ubangiji. Wanda ya sakar wa cikinsa da aljihunsa linzami, mu bin son rai muke ce masa. Wanda kuma aka bar wa yaro, ya yi abin da ya ga dama ba mai tsawatarwa, sunansa sangarta. Gata daban yake: a ci da kai, a tufatar da kai, a sa ka makaranta, ka san kana da masu tsaya maka. Kai ma ka samu, ba a rage ka da komai ba, amma ba ka taɓa ɗaga wa na gaba da kai hannu ka kwana lafiya ba.

Akwai wata ma'anar da ɗalibaina suka fi so in ba su labarinta. A Turai, cocin Katolika na da tsarin sassauta wa mai tuba hukuncin zunubinsa, har aka kai lokacin da wasu ke sayar da takardar wannan sassauci, ana tara kuɗin ginin babban cocin Rum. A 1517 wani malami ɗan Jamus, Martin Luther, ya rubuta hujjoji 95 yana sukar cinikin, kuma a 1567 cocin da kansa ya hana karɓar kuɗi a kansa. Wannan labarin ne ya faɗo mini da na ga akwatin kayan wasan yaron. Kana fita da asuba, ka dawo yana barci. Na san neman halali ne, ban kuma raina wahalarka ba. Amma na lura duk sanda zuciyarka ta zarge ka, sai ka biya da mota mai batir ko alawa. Kana sayen takardar yafiya ne a wurin yaro ɗan shekara huɗu, shi kuwa zamanka yake so.

Shagwaɓa ka bar mana, aikin kakanni ne. Ni zan saya masa rake, in bar shi ya ja mini gemu, kakarsa ta ce maigidanta ne, ta ɓoye masa ƙuli-ƙuli a bakin zane. Muna yin haka ne don mun san akwai uba a bayanmu mai cewa a'a. In uban ma ya koma kaka, wa ya rage? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba duka nake nufi ba, kada ka ɗauki dorina. Ido ya isa, in har uwa da uba bakinsu ɗaya.

Ka fara da yarinyar nan. Ita ma 'yar wasu ce, amana aka ba ku. Ka kama hannunsa ka kai shi gabanta ya ba ta haƙuri, ko da zai yi kuka, ka kuma saya mata wata atamfar. In an yi hutu ka turo mini shi mako biyu, mu riƙa zuwa Magariba tare, in kai shi ya ga hasumiyar Gobarau.

Mahaifiyarka na gaishe ku, ta ce daddawar na cikin baƙar leda a ƙasan jakar matarka. Allah ya yi muku albarka, ya shirya mana zuriya.

Mahaifinka,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.